Hoton Bajimin Hammawa

Duk wanda ya yi suna ko walima a Malanville cikin shekarun nan ya san Safiyanu mai hoto. Gidansu 'yan kasuwa ne kaka da kakanni, albasa da shinkafa suke saidawa, shi kaɗai ya bauɗe. Ubanshi ya yi faɗa har ya gaji, ya ce tunda bai iya ciniki ba, ya je ya yi ta leƙen mutane ta huda. Safiyanu kuwa ko a jikinshi. Ya buɗe 'yar rumfa bakin tasha, shina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Ga shi da baki, ba shi yarda akwai fuskar da ta gagare shi.

Ran nan wani saurayi, Zulkifilu, ɗan makiyaya daga wajen Gene, ya zo mishi da damuwa. Ya samu aiki Kwatano, tahiya ta matso, kuma ba shi da hoto ko guda da mahaifinshi Hammawa, wanda tsufa ya fara kamawa. Matsalar, Zulkifilu ne ɗan fari. Hammawa bai taɓa kiran sunanshi ba, ba shi zama tabarma ɗaya da shi, balle su jera gaban kamara. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, amma saurayin har idonshi ya kawo ruwa.

"Bar mini," in ji Safiyanu. "Daga nesa zan ɗauke ku."

Sai dai kamararshi ba ta jawo nesa. Ya hau kabukabu, babur ɗin haya, zuwa wajen Latifu mai kayan lantarki cikin babbar kasuwa, ya ce a fiddo mishi zum, gilashin nan da ake ɗaura wa bakin kamara. Latifu ya ɗauko wanda ya fi tsawo, ya yi ta rantsuwa cewa da shi har hular ɗan duwan, ma'aikacin kwastan na Gaya can ƙetaren kogi, sai an gani. Safiyanu ya ɗaura, ya leƙa, ya yi tsaki. Jawowa kam shina jawowa, amma mutum guda ke cika shi, gefe da gefe kuma duhu. Mi za shi yi da wanga? Mutanen da za shi ɗauka ba su matsowa kusa da juna, ɗaya na nan gefe, ɗaya na can. Ya zaɓi matsakaici, wanda gefunanshi ke fita tas. Latifu ya ce ai wannan na matsorata ne. Safiyanu ya ce ya ji.

Ran kasuwar shanu ta Gene ya hau bayan wata motar dabbobi da aka aje, ya yi ta jira, rana na dukanshi, ƙuda na damunshi. Hammawa na tsaye da sanda can gefe, Zulkifilu ya duƙa shina kwance igiyar wani bajimi nasu. Da tsohon ya tabbata ba mai kallonshi, sai ya juyo ya zuba wa ɗanshi ido. Safiyanu ya danna.

Saurayin ya karɓi hotonshi ya tahi Kwatano da murna. Safiyanu kuwa, da son a yaba mishi, ya wanko wani ya liƙa a bangon rumfa. Kafin ka ce mi, labari ya kai Gene.

Wata safiya sai ga Hammawa bakin rumfa. Safiyanu ya ce a ranshi yau sanda za ta yi aiki. Tsohon ya gaisa, ya daɗe tsaye shina kallon hoton.

"Wanko mini na bajimin nan," in ji shi. "Na saida shi, kewarshi nike."

Safiyanu ya dubi hoton. Bajimin, ƙaho ɗaya da rabin wuya kaɗai suka fito. Sauran duk tsohon ne da ɗanshi. Ya wanko, ya sa cikin leda, tsohon ya cusa a aljihun gaban rigarshi ya fita.