Malamin Maharba

Aikina na asali koyarwa ne. Ina karantar da kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara, kuma da alli aka san ni. Amma a Maradun na yi ƙuruciya, a hannun kawuna wanda maharbi ne, shi ya sa mini son daji. Da idonsa ya yi rauni sai ya miƙa mini bindigarsa ta toka. Na bi hanya na yi mata takarda, na riƙa fita bayan an kwashe amfanin gona. Wata rana in dawo da zabo ko fakara, wata rana in dawo da ƙarangiya kawai a ƙafar wando.

Ban taɓa zaton zan koya wa kowa bindiga ba sai da abin ƙanin matata ya faru. Manomin shinkafa ne a Bakolori, tsuntsaye sun dame shi, ya aro bindiga don ya riƙa razana su. Ya ɗura albarushi ya wuce kima, wai don ƙarar ta yi nisa, ga shi kuma ya jingina ta laka ta toshe bakin bai lura ba. Ta fashe a hannunsa. Allah ya yi da sauran kwana, sai dai hannun nan bai sake riƙe lauje ba.

A asibiti na haɗu da Sarkin Bakan wani ƙauye na ƙasar Bakura, wato shugaban maharbansu, ya zo dubiya domin bindigar ta mutanensa ce. Tsoho ne dogo mai taushin murya. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da mai jiki, na bayyana masa yadda ƙarfe ke tsagewa idan wuta ta rasa hanyar fita. Ya saurara har na gama.

"Malam, abin ga da ka faɗi mun san shi," in ji shi, "amma ba mu iya jera shi haka yaro ya riƙe ba. Mu sai dai mu daka tsawa. Kai tun da koyarwa ce sana'arka, ka zo ka jera muna shi."

Ban amsa nan take ba. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki, maganar bindiga ba abar wasa ba ce. Sai da na je wurin 'yan sanda da hakimi na faɗi niyyata. Na ce ba harbi zan koyar ba, yadda za a riƙe ta ne kada ta ci mai ita ko maƙwabcinsa, kuma sai wanda Sarkin Baka ya sani yana da takarda. Suka sa albarka.

Ranar Asabar na hau babur ɗina zuwa Bakura. Na tarar da su a gindin tsamiya, samari da dattawa, kowa da tasa a kafaɗa, ga layu da guraye. Na roƙi a sauke ɗuri, a jera bindigogin can nesa, sannan na raba musu karan dawa.

Wani dattijo mai tabo a kunci ya juya karan ya ce, "Ɗan boko, mu da muka yi arba da kura, kara za ka ba mu? Ko dai darni za mu yi?"

"Baba, yau wannan ce bindigarka, kuma a ɗure take," na ce. "Duk wanda bakin karansa ya dubi mutum, ya koma tabarma ya zauna."

Ya yi dariya ya saɓa. Muna cikin zagayawa sai ga wani amininsa ya iso a makare. Dattijon nan ya juyo da fara'a yana masa maraba, karan ya bi juyawarsa ya tsaya daidai cikin Sarkin Baka. Sarkin Baka ya dubi karan, ya dubi mai shi.

"To, ka kashe ni. Wa za a naɗa?"

Aka bushe da dariya har da masu riƙe ciki. Dattijon da kansa ya taka ya zauna a tabarma yana girgiza kai. Tun daga ranar ya zama na hannun damana, shi ke fara tsawata wa duk wanda ya ɗora yatsa a kunamar bindiga ba lokacin harbi ba.

Ban taɓa jayayya da su a kan layu ba. Nakan ce, ka bar layarka inda take, amma ka duba bakin bindigarka. A haka muka bi sauran abubuwa: awon albarushi, sauke ɗuri kafin a hau babur ko a shiga gari, ajiye albarushi nesa da murhu. Matansu ma suka fara aiko da saƙo ta hannun matata. Wata ta ce a gaya wa Malam maigidanta yana rataye tasa a ɗure bisa gado, ga jikoki na shiga suna fita. Na kawo maganar a taro ba tare da na kama suna ba, na ga fuskoki da dama sun sunkuya.

Labari ya kai Maradun, suka ce su ma 'yan gida ne. Kawu ya sa aka riƙo hannunsa aka kawo shi zaman farko. Ba ya ganina sosai, amma yana jin muryata, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya taɓa shi ya ce, "Ni na rene shi."

Wata ranar Talata na tashi daga makaranta, gari cike da 'yan kasuwa, na tarar da baƙi biyu a zaurena. Ɗaya maharbi ne daga cikin ɗalibaina na Maradun, ɗayan kuma Bafillace ne makiyayi da ban sani ba, da ƙwaryar man shanu a gabansa. Da aka gama gaisuwa maharbin ya ba da labari. Ya bi sawun gada har bakin wani rafi, ya ga sabara na motsi, ya ɗaga bindiga. Sai ya tuna na hana su harbin motsi, sai abin da ido ya gani sarai. Ya dakata, ya yi gyaran murya. Matar wannan makiyayi ce ta miƙe daga cikin sabarar, tana ɗaure itace, da goyo a bayanta.

Makiyayin ya ce, "Shi ya zo ruga da kansa ya gaya mini. Na ce ya kai ni in ga wanda ya koya masa haƙuri."

Dukanmu mun san abin da harbin nan zai jawo tsakanin ruga da gari da an yi shi. Na sa aka kawo tuwo muka ci tare. Matata ta leƙo ta bayan labule ta karɓi ƙwaryar, ta ce a gaida mai goyo.

Na yaye ɗalibai da yawa a aji, wasunsu yanzu likitoci ne, ina alfahari da su. Amma da na raka baƙin nan tasha, na ga maharbi da makiyayi sun matsa wa juna wuri a kujera ɗaya, sai na tsaya har motar ta tashi kafin na juyo gida.