Ni Na Cire Batirin

Assalamu alaikum edita, da fatan za a ba ni fili. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina da shekara ashirin da tara, kuma a ganina babu abin da wani zai koya mini a duniya. A Jidda aka haife ni, a unguwar Mahjar. Kakana ne ya zo aikin hajji daga Damagaram bai koma ba, don haka fasfona na Nijar ne, ƙasar da ban taɓa takawa ba, zamanmu kuma kullum a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama. Na yi shekara shida a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti a unguwar Madain Fahd, a can na goge. Larabci a bakina yake, Turanci na tsince shi wajen ma'aikatan jinya 'yan Filifin, Hausa kuwa ta gida ce. Idan rigima ta tashi a layi, ni ake kira in kashe ta. Mahaifiyata takan ce kunnuwana na saka 'yan kunne ne kawai, ba na jin magana ba. Wannan taurin kai ne ya kusa raba ni da 'yata guda ɗaya tilo, shi ya sa na rubuto.

Maigidana haifaffen Maraɗi ne, ya yi bokonsa da Faransanci, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a ƙarƙashin wani kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda yake karanta takardar cikin kwalin magani kafin ya sha. Da ya gaji da zaman kafili sai ya nemi takardun Kanada, Faransancinsa ya taimake shi, muka sauka a Montreal da rani, 'yarmu tana da shekara uku. Garin bai ba ni tsoro ba ko kaɗan. Idan ka shiga kanti da harshe biyu ake gaishe ka, Faransanci da Turanci, ka zaɓi wanda za ka amsa da shi, ni kuwa kullum Turancin nake cafkewa. Mahaucin unguwarmu ɗan Maroko ne, mai gidan burodi ɗan Lebanon, da Larabci nake cinikina har da neman ragi. An sa ni ajin koyon Faransanci kyauta, na je kwana uku na ce halas, ba zan zauna ana nuna mini hoton kyanwa ina maimaita sunanta ba. A wata biyu na san layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa fiye da maigidan, har ina yi masa dariya idan ya tsaya duba taswira.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, wato turaren wuta. Duk wadda ta tashi a Jidda ta san gidan da ba a turara ba bai cika gida ba. Kullum bayan la'asar mahaifiyata takan hura gawayi a kasko, a zaga da shi ɗaki-ɗaki, a turara labule da abaya har da gashin kai. Na taho da kaskona da turaruka kwalba huɗu. Ranar farko da na kunna a sabon gidanmu, hawa na uku a wani tsohon bene, wani farin faifai da ke manne a silin ya fasa ƙara kamar ana yanka shi. 'Yata ta ruga bayan kujera, maƙwabta suka leƙo, mai kula da benen ya hawo yana haki. Ya yi mini bayani da Faransanci, ya ga ban gane ba, ya sake da Turanci. Da yamma maigidana ya zaunar da ni ya ce na'urar nan ba hayaƙi kaɗai take ji ba, tana jin wata guba da gawayi ke fitarwa wadda hanci ba ya jin ta, ido ba ya ganinta, don haka kada in kuskura in taɓa ta. Na ce na ji. A raina kuwa cewa na yi, mu da muka girma da gawayi a tsakar gida, yau Bature ne zai koya mana wuta?

Na sa wa na'urar suna 'yar tsegumi. Da farko leda nake ɗaura mata da roba idan zan yi turare, in cire kafin maigida ya dawo. Daga baya na gaji da hawa kujera sau biyu a rana, sai na murɗe ta na zare batirin, na mayar da ita mazauninta kamar ba a taɓa ba. Batirin ma ban bar shi ya yi zaman banza ba, cikin rimot ɗin talabijin na saka shi. Na kuma koyi cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa don kada ƙamshi ya fita baranda ya tayar da ta waje. Idan aka liƙa sanarwa cewa mai kula da bene zai zo duba na'urori, sai in mayar da batirin da safe, ya danna ta yi ƙara, ya yi mini murmushi ya tafi, ni kuma in zare. Fiye da shekara guda ina wannan wayon, ina jin daɗin kaina, har na koya wa wata ƙawata 'yar Sudan.

A hunturunmu na biyu aka wayi gari ana wani irin ruwa da yake daskarewa da zarar ya taɓa abu. Rassan bishiyoyi suka yi nauyi suna karyewa a kan wayoyin lantarki, kafin hantsi wuta ta ɗauke a unguwarmu. Gidanmu kuwa komai da lantarki yake, murhu da abin ɗumama ɗaki duka. Maigida ya riga ya fita aiki tun da safe, ya kira ya ce hanyoyi sun lalace, in rufe yarinya da barguna, idan sanyi ya yi yawa mu tafi zauren unguwa inda ake tara mutane su ji ɗumi. Na ce to. Amma da na tuna zan je in zauna cikin baƙi ina zare ido ana Faransanci a kaina, sai na ji ba zan iya ba. Zuwa azahar muna ganin tururin numfashinmu a cikin falo, yatsun 'yata sun yi sanyi ƙalau, tana ta ƙananan koke-koke.

Sai na tuna da ragowar buhun gawayin da muka gasa nama da shi a lambun shaƙatawa da rani. Na ɗauko babbar tukunyar ƙarfe na ɗora a kan faranti a tsakiyar falo, na tayar da wutar da ƙananan gawayin turare, na yi ta fifita har ta kama ja wur. Na cusa tawul a ƙofa, na ja labule, na tabbatar babu kafar da iska za ta shigo. Cikin rabin awa falon ya yi ɗumi. Na dafa shayi da na'ana'a a kai, na gasa wa yarinya burodi, har hoto na ɗauka na tura wa yayata a Jidda, na rubuta mata cewa 'yar Mahjar ba ta mutuwa da sanyi. Ta turo mini dariya da yabo. Wallahi a lokacin ji nake duk benen nan babu mai dabarata.

Wajen la'asar kaina ya fara sarawa, na ce rashin barci ne. 'Yata ta zo ta kwanta a cinyata ta ce, “Ummi, ɗakin yana juyawa.” Can sai ta yi amai. Ni da na yi shekara shida a asibiti, abin da ya zo mini shi ne sanyi ya kama ta. Na goge mata baki, na ba ta maganin zazzaɓi, sannan na yi abin da har in mutu ba zan manta ba: na jawo katifarta kusa da tukunyar don ta ƙara jin ɗumi, na ƙara gawayi. Ta yi lamo, na ce alhamdulillahi ta samu barci. Ni ma na jingina da kujera, jikina ya yi nauyi, wani barci mai daɗi yana jana.

Bugun ƙofa ne ya dawo da ni, kamar daga nesa. Na yunƙura ƙafafuna suka ƙi, da rarrafe na isa na buɗe. Tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tamu ce, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, shi ya sa tsakanina da ita ɗaga hannu ne kawai. Ashe bi take ƙofa-ƙofa tana neman wanda zai raka ta zauren unguwa. Ta dube ni, ta hango tukunyar, ta ture ni ta shige da takalmanta a kan dardumar sallata. Ta yaye labule, ta wangale tagogi, iskar ƙanƙara ta kwararo. Ku ji rashin hankali, a wannan halin ma haushinta na ji, ina ce mata da Larabci ta rufe mini taga. Ta sunkuci yarinyar, tsohuwar da da ƙyar take hawa bene, ta fita da ita matakala tana jijjiga ta tana kiran motar asibiti a waya. A nan na ga hannun 'yata yana lilo, kanta ya langaɓe, ba ta buɗe ido ba. Sai a lokacin na gane ba barci take yi ba.

A asibiti aka sa mana abin shaƙar iska ni da 'yata, ita kuma aka wuce da ita wani sashe aka saka ta cikin wata na'ura mai kama da tanki. Maigidana ya iso wandonsa jiƙe har gwiwa. Likita ta zo da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Aljeriya tana fassara mini, ta ce da an ƙara ɗan lokaci da sai dai wani labarin, sannan ta tambaya ko babu ƙararrawar hayaƙi a gidan. Maigida ya karɓe da Faransanci, ransa a ɓace yadda ban taɓa gani ba. Ma'aikaciyar ta gaya mini cewa yana faɗin akwai, lalatacciya ce aka bar mana, kuma sai ya kai ƙarar mai kula da benen. Da na yi shiru, da maganar ta tafi a haka, a ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Na cire abin da ke hancina na ce da Hausa, “Lafiyarta ƙalau. Ni na cire batirin.” Ya juyo ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya juya ya fassara wa likita abin da na ce kalma bayan kalma, ya koma bakin ƙofar da 'yarsa take ya tsaya. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Allah ya tashi kafaɗarta, ta farfaɗo a ranar, bayan kwana huɗu aka sallame mu. Ma'aikatan kula da yara sun zo gida sau biyu suna yi mini tambayoyi, na amsa musu gaskiya ban ɓoye komai ba. Na kira ƙawata 'yar Sudan na ce ta mayar da nata batirin tun muna kan waya. Na koma ajin Faransanci na zauna a layin gaba, domin na ga abin kunya ne a ce matar da ta ceci 'yata ban iya yi mata godiya da harshen da take ji ba. Yanzu ina aiki a wani asibiti a Montreal, da harsuna huɗu, kuma har gobe ba ni da tsoron kowa. Abin da ya canja shi ne na gane iya magana daban, sani daban. A Jidda gawayi bai taɓa cutar da mu ba saboda a tsakar gida muke hura shi, ko a ɗakin da iska ke ratsawa. Gidajen ƙasar sanyi a toshe ake gina su, abin da ya shiga ba ya fita.

Daga Jidda nake rubuto wannan, mun zo ganin gida. Jiya na tarar da wata 'yar ƙanwar mahaifiyata tana haɗa akwati za ta bi mijinta Turai, an cika mata shi da kasko da gawayi da turare, mata suna ta ba ta dabarun yadda ake rufe bakin ƙararrawa. Na tsayar da hirar na ba su labarin nan tun daga farko, a gaban mahaifiyata da ba ta taɓa jin gaskiyarsa ba. 'Yan uwana mata, musamman masu shirin tafiya ƙasashen sanyi, ku yi turarenku da kaskon lantarki, ku buɗe taga. Kada ku hura gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyi zai sa ku kuka, ku fita ku je inda mutane suke. Kuma duk abin da kuka tarar an manna a silin, ku bar shi da batirinsa, ba don ado aka sa shi ba.

'Yata yanzu shekararta tara, tana da wayo da surutu irin nawa. Sai dai tana da mantuwa. Ayar da ta haddace jiya sai ta neme ta yau ta rasa, malamarta ta ce sai an maimaita mata abu sau uku kafin ya zauna. Likitoci sun ce mai yiwuwa daga abin nan ne, mai yiwuwa kuma haka Allah ya yi ta, ba za su iya yanke hukunci ba. Shekaranjiya muna tilawa ta tsaya cak a tsakiyar sura, ta ɗago ta ce, “Ummi, me ya sa ni kaɗai nake mantawa?” Na ce mata mu sake daga farko, muka sake. Amma tambayar tana nan tana jirana, kuma na yi wa kaina alkawari ranar da ta isa fahimta, ba a bakin kowa za ta ji amsar ba sai a nawa.