Lawali da Gajimaren Kucheri

Kowa a ofishinmu na Gusau ya san Lawali Mai Taswira, mutumin da ya yi furfura gaban kwamfuta tun bai kai arba'in ba. Aikinsa ɗora hotunan tauraron ɗan'adam a intanet, don malaman gona su riƙa duba gonaki ta waya. Hoto guda kuwa, wallahi ya fi buhu goma na gero nauyi. In ya danna, kwamfutar ta kama nishi kamar tsohuwar tifa, ya je masallaci, ya ci tuwo, ya dawo bai buɗe ba.

Shekara biyu yana yayyanka hoton ƙanana-ƙanana kamar mai tsire, don waya ta ɗauko wurin da aka taɓa kawai. Amma mu mun san ba don ogan ofis yake wannan wahala ba. Babansa ne, wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensu Kucheri, kullum yake tambayarsa ko gonarsa na nan.

Ranar da taswirar ta yi aiki, ya kai wa baban nasa waya, ya buɗa masa taswirar da yatsu biyu. Ga hanyar Tsafe, ga gonar maƙwabci. Daidai tasu kuwa, farin gajimare ne zaune daram, don da damina aka ɗauki hoton.

"Baba, sai dai hoton baɗi."

"Baɗi? Kai, tura shi gefe da yatsan nan naka mu gani!"

Lawali ya yi ta turawa, gajimaren na tafiya tare da gonar.