Injin da Ba Ya Lalacewa

A kamfanin sabulu kowa Baba Kunne yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana bakanike a inji na uku, kuma aikinsa rabi duk saurare ne. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin sirri. In boris, ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa inji juyawa sumul, ya fara kuka, shi ne zai ji tun saura sati biyu ya ci. Ya canza shi lokacin hutun rana, ya jefa tsohon a buhu.

To, kamfanin nan wanda ya tayar da injin da ya mutu suke yabo. Inji na ɗaya ya tsaya, a yi ta gumi kwana biyu, a tara ma'aikata a tafa wa bakanikensa. Na Baba Kunne kuwa bai taɓa tsayawa ba, don haka ko sannu ba a taɓa ce masa ba. Abin na ci masa rai, ba ya ɓoyewa.

Matarsa takan ce, "Malam, ka bar shi ya mutu sau ɗaya mana, su san kana nan."

"Allah ya kiyaye. In ji yana kuka in yi kamar ban ji ba?"

Ana nan aka kawo sabon manaja, ɗan gaye mai son takarda. Ya duba rahoto, ya ga inji na uku bai taɓa ba da matsala ba, sai ya yanke cewa ba ya buƙatar bakanike. Wai shi nan ya gano ɓarna. Ranar Litinin takardar sallama ta iso hannun Baba Kunne.

Bai yi gardama da masinjan da ya kawo ta ba. Ya shiga sito, ya jawo buhuna huɗu, ya hau da su bene ɗaya bayan ɗaya yana haki, ya zazzage su a kan teburin manaja. Boris, noti, tsinkakken bel, duk baƙi ƙirin da giris.

Manaja ya miƙe. "Baba, lafiya? Mene ne wannan?"

"Yallaɓai, rahoton da ba a kawo maka ba ne. Kowane ɗaya nan rana ce da injinka zai tsaya, bai tsaya ba. Ɗaga ka gani, ba ya cizo."

Manaja ya ɗauki boris ɗaya da yatsa biyu, ya juya shi. Can ya ce, "Sai mu sake duba maganar."

"Duba a tsanake."

Baba Kunne ya zaro takardar sallamar daga aljihu, ya goge hannuwansa da ita tas, yatsa bayan yatsa, ya ajiye masa.

"Gobe ƙarfe bakwai ina bakin injina. Wanda zai fitar da ni, ya sauko da kansa."