Littafin Lissafin da Na Ƙunshe Ƙosai da Shi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma abin da zan faɗa ko maigidana bai sani ba.

Ƙosai nake soyawa a ƙofar gidanmu a Zongo. Da tsoffin littattafan 'yan makaranta nake ƙunshi, wani mutumin unguwar Dapoya ke kawo mini su a buhu. Ba na yaga ko ɗaya sai na bi shi shafi-shafi, kada mai ya taɓa aya ko sunan Allah. Abin da nake dubawa ke nan, shi kaɗai.

Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya. A shekarar da abin ya faru, 'yar maƙwabciyata na shirin bak, jarrabawar gama sakandare. Da la'asar takan zauna a bencina tana bitar lissafi da ƙarfi: deribe ɗin sinus kosinus ne, na kosinus kuma sinus ne da alamar ragi a gaba. Har na haddace, ban san ma'anarsa ba.

"Goggo, ke za ki shiga mini jarrabawar nan," in ji ta.

"Su yarda in shiga da kaskona, ki ga aiki."

Saura mako biyu, ta manta littafin da take kwafar darasin lissafi a ciki a kan buhuna. Bangonsa ya riga ya cire. Na duba, babu aya, na yaga. Sai da ya rage shafi ɗaya na ga sin da cos da ɗan karan nan a samansu, na gane rubutunta. Sauran shafukan sun bi ƙosai zuwa unguwannin Bilbalogho da Tiendpalogo.

Yarinyar ta birkice ɗakinsu, sannan ta fito.

"Goggo, ba ki ga littafina na lissafi ba?"

Na ce ban gani ba. Bakina ne ya riga ni. Ina ji uwarta na yi mata faɗan sakaci, ina juya ƙosai.

Ta faɗi jarrabawar, aka ce lissafi ne ya ja ta ƙasa. Ba ta sake zama ba, yanzu atamfa take taya uwarta sayarwa. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma in ƙura wa kasko ido. Tashi daga gidan ba ya yiwuwa, shagon maigida na nan bakin titi. In na faɗa, famfo ɗaya za mu ci gaba da haɗuwa da uwarta. In na yi shiru, haƙƙinta na wuyana.

Shafin na ƙasan akwatina. Duk wanda ya yi karatun nan, don Allah ya rubuto ya gaya mini: darasin sin da cos, ana samunsa a kowane littafi, ko rasa nata zai iya kayar da ɗaliba cikin mako biyu? Ina so in san girman abin da zan nemi ta yafe mini.