Giyabos ɗin Baba sa'ana ne

Baba Bulus, tsohon makanikin mahaifina a Obiagu, ya zuba fetur a tsumma yana ta goge giyabos ɗin, wato akwatin giyar mota, ni kuwa ina tsaye haushi ya cika ni.

Abin da ya rage mana ke nan na motar marigayi mahaifina, mai giya a sitiyari. Wani ya taya, amma ya ce sai na faɗa masa shekarun giyabos ɗin, ga lambar da ke jikinsa tsatsa ta cinye.

"Baba Bulus, ka duba lambar mana, mutum na jira."

Ko kallona bai yi ba. Sai ya kama yatsana ya ɗora a kan wasu zane huɗu da aka sara a jikin giyabos ɗin da kurfin sara ƙarfe.

"Duk haihuwar da mamanku ta yi, babanka kan kawo min motar in duba kafin ku tafi Kano ganin dangi, ni kuma in sa alama. Ranar da na yi ta farko, wato ta haihuwarka, giyabos ɗin nan sabo ne fil. Ɗana, shekarunka nawa?"

Na ɗora giyabos ɗin a okada na mayar gida.

Allah Ya jiƙan mahaifina. Ku da kuka rasa iyaye, me kuka kasa sayarwa?