Tabar da Ta Tsumu a Ganga

Cikin shekaru goma sha tara da na yi a wannan ofis, ranar da ba ta bar zuciyata ba ita ce sha biyar ga Zulhajji, shekara tara ke nan da suka wuce. Kun ce in faɗi wani abu game da Baba Ilu, tunda yau wata guda da rasuwarsa. Ni ban iya yabo ba. Labarin aiki guda ɗaya zan ba ku.

Saboda waɗanda suka zo bana, bari in fara da tsarin. Idan alhaji ya rasu a Mina, ko Muzdalifa, ko a masauki, ana tattara kayansa a kawo mana nan unguwar Shisha a Makka. Mutum biyu ke buɗe jaka: mai dubawa da marubuci. Mai dubawa ya ɗaga abu ya faɗi sunansa, marubuci ya sa a takardar da muke kira mahadar. Takardar tana da gida biyu. Na farko na kayan amfanin kai ne, waɗanda ake miƙa wa magaji ya sa hannu ya tafi da su. Na biyu na kayan da doka ta hana ne. Idan abu ɗaya ya shiga gida na biyu, jakar gaba ɗaya ba ta fita. Sai a tura takardun ga hukuma, a aika kwafi ƙasar mamacin. Kuma da zarar mudir, wato shugaban ofis, ya buga hatimi, abin da aka rubuta ya zauna ke nan.

A lokacin ni ne marubuci, Baba Ilu ne mai dubawa. Ya haura sittin, kuma shi ke jan mu sallar Azahar da La'asar a ɗakin baya.

Ranar da nake magana, Baba ya tafi asibiti karɓo takardun wani mamacin. Jakunkuna sun taru, iyalai suna jira. Na ce bari in rage aiki, na buɗe ɗaya ni kaɗai. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Jakar Alhaji Mamman ce, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Zariya, wanda ya rasu a tanti a rana ta biyu ta jifa. A ciki akwai harami biyu, carbi, tabarau, maganin hawan jini, da takalman yara ƙafa uku da ko ledarsu ba a cire ba. A can ƙasa, cikin safa, na sami lofe, wato 'yar tukunyar shan taba mai dogon baki, da wani gwangwani mai faɗi. Na buɗe gwangwanin. Taba ce baƙa, yankakkiya, da danshinta. Wani wari ya bugi hancina, mai zaƙi da ɗan tsami, kamar 'ya'yan itacen da suka kwana biyu a cikin mota. Na ɗauki biro na rubuta a gida na biyu: “Taba jiƙaƙƙiya, tana warin giya.”

A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi ubana. Ban taɓa ganin giya da idona ba, balle in shinshina. Na rubuta abin da nake tsammani ne.

Na kai wa mudir. Shi ma jikan Hausawa ne, amma Hausarsa ta cikin gida ce, rabi Larabci, saboda haka ya ce in tsaya in yi tambayoyin. Aka kira matar mamacin, Hajiya Larai, dattijuwa ce, ta shigo da wata maƙwabciyarta tana riƙe da hannunta. Jirginsu saura kwana biyu.

Na ce, “Inna, wannan tabar ta Alhaji ce?”

Ta ce, “Tasa ce. Shi ke haɗa abarsa. Ya sayo ganye iri uku, ya yanka, ya zuba a wata 'yar gangar katako ya toshe. Sai ta shekara zai buɗe.”

“Kafin taba, me aka taɓa zubawa a gangar?”

“Wallahi ɗana ban sani ba. Tun ina amarya na tarar da ita a ɗakinsa.”

Na gaya mata abin da na rubuta, da inda takardar za ta. Sai ta ce, “Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Taba kam ya sha, na yi faɗa har na gaji. Amma wancan abin, a'a. Yanzu mutum ya rasu a Mina, takarda ta riga ni isa gida, 'ya'yansa su karanta wannan?”

Mudir ya ce shi ba abin da zai iya, ma'aikacinsa ya rubuta, ita kuma ba ta san asalin gangar ba. Ya jawo hatimi. Daidai nan Baba Ilu ya shigo da takardun asibiti a hannu.

Ya karanta mahadar ɗin a tsaye. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Haruna, kai da wa kuka buɗe?”

“Ni kaɗai, Baba.”

“Madalla. To kai a ina ka san warin giya? Ko kana da wata kasuwa da ba ka taɓa kai mu ba?”

Ya ɗauki gwangwanin, ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci ya lumshe ido. Ya jima a haka.

Ya ce wa mudir, “Hanci ya kai ni rabin hanya. Rake ne. Amma ko gangar maɗin rake ce, ko ta giyar da ake yi da rake. Uwarsu ɗaya, a cikin gwangwani suna kama. Wuta ce ke raba su.”

Mudir ya ce, “Ya ammi,” wato baffa da Larabci, “kai ina ka san wannan?”

Ƙofar ofis a buɗe take, ma'aikata huɗu suna tsaye a waje suna ji. Baba ya gan su. Bai rage murya ba.

“Kafin in zo nan na yi shekara goma sha ɗaya a jirgin ruwa, ina dafa abinci. Mai jirgin ɗan lofe ne, shi ya koya mini. Na sha wadda ta tsumu a gangar zuma, na sha ta gangar maɗi, na sha ta gangar giya. Ta ƙarshen nan da farko ban sani ba. Daga baya na sani, kuma ban bari ba sai da na sauka daga jirgin. Yau shekara ashirin da shida rabona da ita.”

“Ka san abin da kake faɗa a gaban mutane?”

“Na sani. Ni ina da rai, duk mai tambaya zan ba shi amsa. Wannan bawan Allah ba shi da bakin da zai kare kansa.”

Ya juya ga Hajiya Larai. Lofen da tabar yanzu na magada ne, ba a taɓa su sai da izini. Ya ce, “Hajiya, kin yarda in sha cikin tukunya ɗaya? Abin da na ji shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.”

Ta ce, “Na yarda, Malam. Faɗi gaskiyarka.”

Ba a shan taba a cikin ofis, don haka muka fita bayan gini inda ake ajiye motoci, ni da Baba da mudir. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa cikin inuwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne, rana ta take.

Baba ya baza tabar a kan farar takarda ya bar ta ta sha iska kaɗan. Ya zuba a lofen sau uku, yana dannawa a hankali da ɗan yatsa. Ya ƙyasta ashana ya zagaya saman har ya yi baƙi, ya bari ta mutu, ya danna, ya sake kunnawa. Na lura hannunsa bai manta komai ba. Ya ja, ya riƙe hayaƙin a baki, ya sake shi. Ya ce ba a haɗiye hayaƙin lofe, a harshe ake jin sa.

“Rubuta, Haruna. Ba a mahadar ba, a bayan wata takarda.”

Ga abin da ya faɗa, yadda na rubuta shi. Farkon tukunya zaƙi ne mai nauyi, irin na alewar da ta kama a gindin kasko. Hayaƙin yana da kauri kuma da sanyi, ba ya cizon harshe. Tana ci a hankali, har sai da ya sake kunna ta sau biyu, ya ce alamar ganyen ya sha abu mai danƙo ne. Da wuta ta sauka kaɗan, ɗanɗanon katakon ya fito, kamar ƙanshin shagon kafinta, tare da wani abu kamar soyayyar gyaɗa. Idan ya fitar da hayaƙin ta hanci akwai ɗan yaji, ya ce wannan daga ɗaya cikin ganyen uku ne, wanda aka busar a kan hayaƙin itace. Tsamin da ni na ji a gwangwani ya ɓace tun a jan farko.

Mudir ya ce, “Ya isa?”

“Bai isa ba. Sai ta kai tsakiya. A nan ta giya ke tona kanta. Zaƙinta ya tsinke, ya bar maka bushewa da wani ɗumi a can bayan ganɗa, kamar ka haɗiyi citta.”

Muka tsaya muna jira. Gumi yana zuba daga goshinsa. Sau ɗaya ya yi tari har ya dafa mota. Ban san minti nawa aka yi ba, amma inuwar ginin ta ja baya daga ƙafafunmu. Sai ya cire lofen daga baki, ya juya shi ya buga a tafin hannu. Toka ta zubo fara-fara, a ƙarƙashinta kuma ɗan ragowar taba a jiƙe. Ya taɓa da yatsa ya nuna wa mudir yadda yake kamawa.

“Zaƙin bai tsinke ba har ƙasa. Ga danƙonsa. Giya ba ta barin wannan. Maɗi ne, irin wanda ake dafawa a yi mazarƙwaila.”

Daga bakin ƙofa Hajiya Larai ta ce, “Mazarƙwaila?” Ta dafa bango. “Kawunsa na wajen Maƙarfi, sana'arsa ke nan. A hannunsa Alhaji ya tashi.”

Mudir ya dube ta, ya dubi tafin hannun Baba. Ya ce, “Halas. Haruna, sake mahadar.” Na sake. Na rubuta a gida na farko: “Lofe ɗaya. Gwangwanin taba ɗaya.” Baba ya sa hannu a matsayin mai dubawa, mudir ya buga hatimi, aka yaga ta farkon.

Da Hajiya ta karɓi jakar, ta ciro gwangwanin ta ajiye a gaban Baba. Ta ce tun da Alhaji ya ɗaura harami bai kunna lofen ba. Ya taho da tabar ne don ya ga ko zai iya kwana kusa da ita bai taɓa ba, kuma ya ce mata idan ya gama aikin Hajji a Makka zai bar ta.

“To ga ta, Malam. Na cika masa maganarsa. Lofen zan kai wa babban ɗansa.”

Baba ya ce, “Hajiya, kin ba kura ajiyar nama.”

Ta ce, “Wanda ya yi shekara ashirin da shida zai iya ƙarawa.” A nan ne kawai na ga ta ɗan murmusa.

Da aka kira Azahar, Baba ya wanke baki sau da yawa, amma ya ƙi shiga gaba. Ya ce warin bai fita ba, kada ya dami mutane. Wani ya ja mu. Washegari babu wari. Aka tayar da iƙama, Baba yana sahun farko inda ya saba tsayawa kafin a ce masa bismillah. Ba wanda ya ce. Wanda ya ja jiya ya sake wucewa gaba. Haka aka ci gaba har shekara tara. Ba wanda ya taɓa gaya masa magana marar daɗi, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Ina tsaye kusa da kafaɗarsa duk waɗannan shekarun. Ni na jawo abin, kuma ni ma ban ce masa bismillah ba.

Makon da ya wuce mudir ya ce a kwashe kayan teburinsa a kai wa iyalinsa. Na kira Sa'idu, wanda yanzu shi ne marubuci, muka buɗe mu biyu. Akwai tabarau na karatu, ƙaramin Alƙur'ani, asuwaki, da hoton jikokinsa. A can ƙarshen aljihun tebur ga gwangwanin. An naɗe bakinsa da salatif, an rubuta kwanan watan waccan rana a kai da rubutun Baba. Salatif ɗin ya tsufa har ya yi ja, ba a taɓa ɓare shi ba.

Sa'idu ya ce, “Ya Haruna, mu buɗe mu ga mene ne?”

Na ce a'a. Na ce ya rubuta, “Gwangwanin taba ɗaya, a rufe.”

Abin da aikin nan ya koya mini ba shi da yawa. Mutanen da muke buɗe jakarsu ba za su iya gyara mana rubutu ba. Kada ku buɗe ku kaɗai. Ku rubuta abin da kuka gani, abin da ba ku sani ba ku nemi wanda ya sani. Idan kuma wani ya tona kansa don ya rufa wa mamaci asiri, to da lokacin salla ya yi, ku ce masa bismillah tun yana tsaye kusa da ku.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya jiƙan Alhaji Mamman.